Da Kuɗin Marayu Na Shiga Cinikin Gida

Kuɗin da aka sayi gidan da muke ciki yanzu ba nawa ba ne ni kaɗai. Tumunin da na samu a gadon maigidana, Allah ya jiƙansa, bai isa ya saya mini ko fili mai kyau ba. Mafi yawan kuɗin rabon 'ya'yana ne su huɗu, maza biyu mata biyu, sai sudusin kakarsu, mahaifiyar marigayin, wadda ranar rabo ta ce ita ta gama zaman duniya a ɗakinta, a haɗa nata da na jikokinta a nema musu inda za su sa haƙarƙarinsu. Da kuɗina ne, da wataƙila kunya ta sa na karɓi farashin farko da aka faɗa mini. Amma dukiyar marayu ce, kuma ni za a tambaya.

Ni malamar makarantar sakandare ce a Kano. Tun da aka kai ni ɗakin miji a gidan haya nake. Mun zauna Kurna, mun zauna Ɗorayi, kuma duk shekara idan lokacin biyan haya ya matso sai ka ga maigidan ya yi shiru yana ta lissafi a bayan takarda. Burinsa kullum ya gina nasa, Allah bai nufa ba. Ya rasu a farkon 2023. Bayan na fita takaba aka shiga tattara abin da ya bari: haƙƙoƙinsa na wurin aiki, da motarsa, da wata gona a ƙauyensu. Kafin komai ya kammala shekara ta zo ƙarshe. Da aka biya bashi aka raba, abin da ya taru a hannunmu, nawa da na yara da kyautar kakarsu Inna, ya kama naira miliyan 20 da dubu 500. Yayan marigayin, wanda yara ke kira Baffa, shi ne waliyyinsu, kuma shi ya fara cewa kada a bar kuɗin nan su daɗe a banki.

Gaskiya ya faɗa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, ba a jima ba aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a wajen 'yan canji na Wapa. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka ce a dawo da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100. Kuɗin yara suna nan a asusu ba wanda ya taɓa ko kwabo, amma duk wata abin da za su iya saye raguwa yake yi. Na sha tashi cikin dare in zauna ina wannan tunanin.

Mun yi shawarar a sayi fili a gina, muka ga ba za ta yiwu ba. Ni ina aji daga safe zuwa azahar, Baffa yana Kantin Kwari kuma ba ya rabuwa da tafiya, gini kuwa idan ba mai tsaya masa, rabin siminti a hanya yake zubewa. Wata abokiyar aikina ta kawo maganar rancen asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cire wa ma'aikata kashi 2.5 cikin 100 dominsa, ake kuma ba da shi da ruwa kashi 6. Na gode mata, amma zuciyata ba ta kwanta in cakuɗa kuɗin marayu da kuɗin ruwa ba. Muka tsaya a kan a nemi ginannen gida daidai ƙarfinmu, a biya a wuce wurin.

A hanyar Gwarzo muka same shi, can gaba da sabuwar Jami'ar Bayero, a cikin unguwannin da shekarun baya gonakin gero da dawa ne. Ginin 'yan kasuwa ne, irin waɗanda ake ginawa don a sayar. Filin ƙafa 50 da 50, ɗaki uku da falo, kicin da sito, banɗaki biyu, da ɗan tsakar gida da aka yi wa daɓen siminti. Ba wanda ya taɓa kwana a ciki. Ana buɗe ƙofa warin sabon fenti ya tarye mu, tayil yana ɗaukar ido, silin ɗin falo an yi masa ado da fitilu ƙanana a kewaye. Ƙaramar 'yata ta ruga ɗakin da ke kusa da kicin ta ce nan ne nata. Dillalin yana gefe yana kallonmu, kuma na san ya gani. Tun a mota Baffa ya ce da ni, "Maman yara, idan kin ga abin da kike so, ki riƙe fuskarki." Ni na riƙe tawa, amma ba a riƙe wa yaro tasa.

Dillalin ya ce miliyan 25, kuma wai akwai wani Alhaji daga Abuja da ya riga ya taya 24, jibi zai turo kafin alƙalami. Baffa ya gyara tsayuwa ya ce, "To Malam, ai mu ba ma ciniki a kan cinikin wani, Annabi ya hana. Idan ya taya an sallama masa, Allah ya sa albarka. Idan ya fasa ka neme mu." Muka shiga mota. Ba mu kai Kabuga ba wayar Baffa ta yi ƙara, wai Alhajin Abuja bai da tabbas, mu dawo a yi magana. Ban ce kowane dillali haka yake ba, na san masu tsoron Allah a cikinsu. Amma ƙirƙiro mai saye don a tsorata wani ya ƙara kuɗi abu ne da shari'a ta hana tun tuni, kuma yana ciwo ƙwarai idan wadda ake yi wa bazawara ce da ke riƙe da amanar yara.

A daren nan Baffa ya ce in bar masa sauran, ciniki irin wannan na maza ne, zai je ya ji ƙarshen magana ya sanar da ni. Na durƙusa na ce, "Yaya, ba raina ƙoƙarinka na yi ba, kai ne ubansu yanzu. Amma ni zan zauna a gidan nan, ni zan san inda yake yoyo. Ka bar ni in zauna a bayanka, ba zan yi magana ba sai ka ba ni dama." Ya yi shiru jim, sannan ya ce Allah ya yi mana jagora. Har gobe ina gode masa da wannan, domin da ya ƙi, ba ni da yadda zan yi.

Abin da na fara yi shi ne neman wani dattijo abokin mahaifina, birkila ne da ya tsufa a kan gini, yanzu idonsa kawai yake sayarwa, hannu ya huta. Baba muke ce masa. Na biya masa kuɗin Adaidaita Sahu, muka haɗu a ƙofar gidan da hantsi. Ya zo da ƙusa inci huɗu a aljihu, da tocila, da wata tsohuwar sanda.

Bai ko kalli falon ba. Bayan gida ya zagaya, inda ba a yi filasta ba, ya sa ƙusa ya karci bulon ɗaki. Ƙusar ta yi ƙara ta zame, ya gyaɗa kai. Ya juya ga katanga ya karta, sai ga yashi yana zuba, ya sa yatsa biyu ya ɓalli gefen bulo ɗaya ya murza, ya marmashe a hannunsa kamar dakuwa. Ya ce, "'Yata, bulon ɗakuna na kirki ne, inci tara, an ba shi siminti an ba shi ruwa. Na katanga kuwa na kasuwa ne. Buhun da ya kamata ya ba da bulo talatin da 'yan kai, sun matse shi ya ba da hamsin ko fiye. Wannan katangar idan ba a yi mata filasta ciki da waje ba, damina biyu ba za ta gani ba."

Daga nan ya shiga ciki yana bubbuga tayil da gindin sandarsa, ɗaya bayan ɗaya, kansa a karkace yana saurare. Inda ya ji ƙarar ta fita daban, alamar ƙasan rami ne, sai ya sa ni in yi alama da alli. A falo kaɗai sai da allina ya kusa ƙarewa. Ya sa yaron maƙwabta ya kawo tsani, ya hau da kansa duk da tsufansa ya leƙa cikin rufi ta ƙofar silin. Ya daɗe a can. Da ya sauko yana kaɗe ƙura daga hularsa ya ce katakon ba laifi, amma ba a shafa masa maganin gara ba, kuma kwanon mara kauri ne, ga ƙusoshi an yi musu rowa a gefen gabas inda iskar damina ke bugowa. Ya kwance soket ɗaya a kicin ya nuna mini wayar: mai kaurin 1.5 ce, wadda ta dace da ƙwan fitila, aka ja ta zuwa inda za a jona firji da dutsen guga, alhali 2.5 ake sa wa nan. Ƙarshe ya sa aka ɗaga murfin sokawe ya zura sandarsa. Ba ta gama nutsewa ba sai ta taɓa ƙasan ramin. Ya dube ni ya ce, "Gida mai mutum biyar? Wannan shekara ɗaya ya cika."

Na ji gabana ya faɗi, na ce to Baba mu haƙura ke nan. Ya ce a'a. Ya ce abin da ba ya gyaruwa a gida uku ne: harsashi, da bulon jiki, da wurin da aka dasa shi. Ya duba kusurwoyi bai ga tsaga ba, linta ta zagaye ginin, an ɗaga daɓen ɗakuna sama da titi. Sauran duk kuɗi ne ke gyara su, kuma kuɗin daga farashin gidan ya kamata su fito, ba daga bakin yara ba. Muka zauna a dakalin ƙofar gida, yana faɗa ina rubutawa a littafin darasina. Fili a wannan layin a lokacin da aka saye shi, wajen miliyan 3 da rabi. Gini a farashin 2023, tun daga haƙa har fenti, miliyan 12 zuwa 13. Gyaran da ya lissafa, da mita da ba a sa ba, da tanki da babu, wajen miliyan 2 da rabi. Ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ki riƙe wannan takardar."

Kafin mu tafi na yi sallama gidan da ke kallon namu. Matar gidan ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa, kuma a hirar da ba ta fi ta shan ruwa ba na ji abin da dillali ba zai taɓa faɗa ba. Da damina ruwan layin yana gangarawa ne ta bayan gidan zuwa wani kududdufi, ba ya shiga gidaje, amma yana cin gindin katanga. Ruwan sha daga 'yan garuwa suke saye. Wuta takan zo, ba kullum ba. Sannan ta faɗa mini wanda ya gina gidan, ta ce mutumin kirki ne, kayan gini yake sayarwa, kuma yana da wani ginin a layin gaba da ya kai linta ya tsaya tun da siminti ya tashi.

Sai maganar takardu. Filin awon igiya ne, wato gona ce mai ita ya yanka ya sayar, ba shimfiɗar gwamnati ba. Abin da ke akwai takardar ciniki ce tsakanin magada gonar da mai ginin, da sa hannun mai unguwa da dagaci. Babu takardar shaidar mallaka ta gwamna. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙasar jiha a hannun gwamna take a matsayin amana, kuma duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya san takarda ba abin wasa ba ce. Na ɗauki wani lauya matashi, tsohon ɗalibina, ya kai ma'aunin filin KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen jihar Kano, a duba ko ya faɗa cikin wani tsari na gwamnati ko hanya, ya kuma bi ta KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kan maganar izinin gini. Ya je har wurin magada gonar ya tabbatar ba wanda ke da ƙorafi a cikinsu. Filin ya fita lafiya. Amma lauyan ya nuna mini wani abu da ya zama mini makami: gidan da ba shi da takardar gwamna banki ba ya karɓarsa jingina, don haka duk wanda zai saye shi sai mai kuɗi a hannu. Masu kuɗi a hannu kuwa a wannan watan ba su da yawa.

Muka ce da dillali muna son zama da mai gidan ido da ido. Ya yi ta kwana-kwana, har Baffa ya ce masa la'adarsa tana nan ko da wa muka zauna, shi ya nuna mana gida, ba za mu zagaye shi ba. Sannan ya yarda.

A shagonsa muka same shi bayan la'asar, 'yan kwanaki kafin azumi. Dattijo ne mai furfura a gemu, yana zaune a kan benci tsakanin buhunan siminti da rodi. Aka gaisa, ya yi mini ta'aziyya da ya ji labari, ya sa aka kawo mini kujera. Maganar farko da ta fito daga bakinsa ta sa dillalin ya sunkuyar da kai: miliyan 23 ya sa wa gidansa. Ashe sauran biyun 'yan kayi-nayi ne suka ɗora, domin tsakanin mai gida da wanda ya kai mu akwai mutum biyu da ba mu taɓa gani ba.

Ya ce, "Ku taya."

Baffa ya ce, "Miliyan 16, Alhaji."

Ya yi murmushi ya ce, "Albarka."

Baffa ya waiwayo ya ce, "Maman yara, ga Alhaji." Na buɗe littafina. Muryata tana rawa da farko, amma na karanta masa duka, tun daga katanga har sokawe, da kuɗin kowanne. Ban ce ya yi ha'inci ba, domin ban san abin da ya sani da abin da ma'aikatansa suka ɓoye masa ba. Na ce, "Alhaji, ba aibata maka gida na zo yi ba. Da ban so shi ba da ban kawo mai dubawa ba. Amma kuɗin da ke hannuna na marayu ne, idan na ba ka 23 ba ni da abin da zan gyara waɗannan da shi, kuma ba ni da 23 ɗin ma."

Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Maganar katanga ya amsa nan take, ya ce bulonsa ne ya ƙare aka sayo na kasuwa. Maganar waya ya ce bai sani ba, kuma na ga ransa ya ɓaci, ba da ni ba. Sannan ya ɗora hannu a kan buhun da ke gefensa ya ce, "Malama, lissafinki daidai ne, amma lissafin bara ne. Na gina gidan nan siminti yana 5,000. Yau ga shi nan, ki tambayi yarona nawa muka sauke shi. Idan na sayar miki a kuɗin bara, da me zan gina wani? Ni ma 'ya'ya gare ni. Riba a takarda, asara a ƙasa."

Wannan maganar ta tsaya mini, domin gaskiya ce. Na zo da shirin fuskantar mai haɗama, sai na tarar da mutumin da guguwar da ke cin kuɗin yarana ita ce ke cin jarinsa. Tun daga ranar na daina ganin cinikin a matsayin wa zai kayar da wa. Baffa ya ƙara zuwa 17 da rabi, Alhaji ya sauko 22, ya ce daga nan ba ya motsi. Aka yi addu'a muka tashi.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, muka yi shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya a duk lamarin. Mai gidan hayarmu ya aiko cewa zai ƙara kuɗi idan shekara ta cika. Yara kullum sai sun tambaye ni yaushe za mu koma sabon gida. 'Yan uwa wasu na cewa in ciwo bashi in cika 22 kafin wani ya ɗauke, wasu na cewa mace ce ta tsaya taurin kai a abin da ba ta sani ba. Na yi istihara, na kuma ci gaba da duba wasu gidajen a Rijiyar Zaki da wajen Panshekara, ba don in tsorata kowa ba, don idan wannan ya kuɓuce kada in rasa madafa. Babu wanda ya kai shi a kuɗin da muke da su. Duk da haka na yi wa kaina iyaka: ba zan wuce abin da zai bar mana kuɗin gyara da na takardu ba, ko da gidan zai tafi.

A goman ƙarshe naira ta ɗan farfaɗo, siminti ya sauko ƙasa da 10,000. Bayan ƙaramar Sallah, wadda aka yi ranar 10 ga Afrilu, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma. Duk mai gini a Kano ya san ma'anar wannan: ginin da ya kai linta ba a rufa ba, damina za ta same shi a buɗe. Alhaji da kansa ya kira Baffa.

Na yi tunani sosai a kan ko halal ne in yi amfani da matsuwarsa. Abin da zuciyata ta ba ni shi ne, ba zan rage tayina don na san yana cikin buƙata ba, wannan zalunci ne. Amma abin da nake da shi wanda yake so, wato kuɗi a hannu a yau ba gobe ba, ba laifi in sa shi a kan ma'auni.

A zama na biyu Baba birkila ya zo tare da mu, ashe ma sun san juna tun wani aiki a shekarun baya. Alhaji ya ce 21. Baffa ya ce 18 da rabi. Aka yi ta ja, har aka kira magariba muka tashi aka yi salla aka dawo. Ni ce na kawo maganar da ta warware. Na ce, "Alhaji, kai kana da ma'aikata, kana da kaya a farashin sari. Gyaran da zai ci mini miliyan 2 da rabi, kai ba zai ci maka haka ba. Ka ɗauki katanga da sokawe da wayar kicin da ƙusoshin rufi. Ni in ɗauki tayil da tanki da mita. Mu tsaya a 19 da rabi. Gobe in an buɗe banki ka ga miliyan 18. Sauran miliyan ɗaya da rabi su zauna a hannun Yaya har damina ta wuce, idan rufi bai yi yoyo ba katanga ba ta motsa ba, a cika maka."

Dillalin ya fara cewa ba a taɓa yin haka ba, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana jan carbi. Ya tambayi Baba ko shi ya koya mini wannan, Baba ya ce shi gini ya sani, ba ciniki ba. Sai Alhaji ya ce, "Ni ma maraya ne, ina shekara tara mahaifina ya rasu, kuma na san abin da aka yi da gonarmu. Manzon Allah ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙi idan ya sayar, mai sauƙi idan ya saya. Na sallama. Allah ya sa albarka, Allah ya raya su." Ya miƙa wa Baffa hannu. Ni kuwa na ja mayafina na rufe fuska, domin hawaye sun riga sun zubo.

Washegari aka rubuta komai. Na nace a kan haka, musamman saboda sauran kuɗin da ya zama bashi a kanmu, kuma aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Lauya ya tsara yarjejeniyar: farashi, abin da aka biya, abin da ya rage da ranar biyansa, gyaran da ke kan Alhaji ɗaya bayan ɗaya, da iyakokin fili ta kusurwa huɗu da sunayen maƙwabta. Mai unguwa ya sa hannu, limamin masallacin layin ya sa, Baffa da ƙanena suka sa. Aka miƙa mana takardar asali ta magada gonar. A wurin sunan mai saye ban yarda a rubuta sunana ni kaɗai ba, ban kuma yarda a rubuta na Baffa ba duk da amincinsa. An rubuta ni da yara huɗu, kowa da kasonsa gwargwadon abin da ya zuba, namiji da rabonsa mace da nata, kyautar Inna kuma aka raba musu daidai kamar yadda ta ce. Mutuwa ba ta sallama, kuma na ga gidajen da zumunci ya watse a kansu saboda an ce ai duk ɗaya ne.

Dillalin da ya nuna mana gida mun ba shi kashi 2 cikin 100 daga ɓangarenmu, kamar yadda aka yi da shi tun farko. Waɗancan biyun da suka ɗora miliyan biyu sun zo ƙofar Baffa suna neman nasu, ya ce su je wurin wanda ya sa su.

Alhaji ya cika alkawari kafin Babbar Sallah. An yi wa katanga filasta ciki da waje, an ƙara mata ginshiƙai ta baya inda ruwa ke bi, an haƙa sabon sokawe mai zurfi, an zare wayar kicin an sa mai kauri. Baba yana zuwa yana dubawa, ba ya karɓar komai sai kuɗin mota. Mun tare ana saura kwanaki kaɗan hayarmu ta ƙare. Abin da ya rage a hannunmu bayan la'ada da lauya bai kai ya yi tayil da tanki da mita gaba ɗaya ba, sai muka fara da mita da tanki, tayil ɗin falo kuma na bi shi a hankali daga albashi.

Ruwan Agusta ya zo da ƙarfi a shekarar. Wani dare iska ta taso ta gabas, da safe muka ga silin ɗin ɗakin maza ya jiƙe a kusurwa ɗaya. Na kira Baffa, Baffa ya kira Alhaji, kafin azahar kafinta ya zo ya hau ya gano wurin da kwano biyu ba su hau juna sosai ba, ya gyara, aka sake fentin wurin. Ba a yi musu ba, ba a ɗaga murya ba, domin yana rubuce. Katanga ba ta motsa ba. A watan Oktoba, da ruwa ya ɗauke, Baffa ya tura masa miliyan ɗaya da rabi, ya rubuta mana takardar cewa ba ya bin mu komai, shaidun farko suka sake sa hannu.

Yanzu lauya ya shigar da takardunmu neman shaidar mallaka ta gwamnati da sunayen mu biyar, muna bin layi. Mu gidaje shida na layin kuma mun fara adashen haƙa rijiyar burtsatse ta haɗin gwiwa, domin kuɗin 'yan garuwa ya fi ƙarfin kowa, kuma maƙwabciyar nan da ta fara ba ni ruwa ita muka ba riƙon kuɗin.